Ludayin garin furotin da ake ƙara maka a kofin simuti: me ke cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Unguwan Rimi a Kaduna, nauyina kilo 68. Wata huɗu ke nan da na fara ɗaga ƙarfe, sau huɗu a mako. In na fito daga jim nakan biya wani shago in sayi haɗin ayaba da dabino da madara, wanda suke kira simuti, in ƙara naira 1,500 a zuba mini ludayi ɗaya na garin furotin. Me ke cikin garin nan? Yana yi mini amfani kuwa? Mahaifiyata ta ce zai kashe mini ƙoda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma saka wa Hajiya da alheri, domin damuwarta tana da tushe, kuma zan zo kanta.

Bari in fara ba ka lissafin da ka nema. Idan garin da suke zuba maka na madara ne tsantsa, kuma idan ludayin cikakke ne mai ɗaukar giram 30, to kana samun furotin tsakanin giram 20 zuwa 25, da kalori 110 zuwa 130, da ɗan sukarin madara da ɗan mai waɗanda kowannensu bai wuce 'yan giram ba. Ƙwai babba guda yana da furotin kamar giram 6. Ke nan ta fuskar furotin kaɗai, ludayin yana tsaye ne a madadin ƙwai huɗu. Sai dai na ce "idan" har sau biyu, kuma a shagunan garin nan duka biyun ba su tabbata sai ka gani da idonka.

Garin na gaskiya ba baƙon abu ba ne. Ka san yadda matan Fulani ke yin cuku: a ɗora madara a wuta, a sa mata ruwan tumfafiya, sai ta tsinke gida biyu, dunƙulen fari a gefe, wani ruwa mai ɗan rawaya a gefe. Dunƙulen shi ne cuku. Ruwan nan da ya rage shi ne uwar garin da kake sha. Furotin ɗin da ke cikin madarar saniya, kashi 80 cikin 100 yana tafiya da dunƙulen, kashi 20 yana zama a ruwan. A da masu masana'antar cuku a Turai da Amurka zubar da shi suke yi ko su ba dabbobi. Daga baya aka samu na'urar tacewa da ke raba furotin da ruwa da sukari, a busar, ya zama gari. Shi ne za ka ga an rubuta "whey" a jikin robarsa. Idan an yi masa tacewa madaidaiciya, sai a rubuta "concentrate", kuma wanda ake sayar wa 'yan wasa yakan kai kashi 70 zuwa 80 na furotin. Idan an ƙara tace shi har sukarin madara da mai suka kusa ƙarewa, sai a rubuta "isolate", kashi 90 ko fiye, kuma ya fi tsada.

Abin da ya sa masu ɗaga ƙarfe suke son sa gaskiya ne, ba talla kawai ba. Jiki yana gina tsoka da ƙananan tubala guda 20 da ake kira amino asid, kuma guda 9 daga ciki ba ya iya yin su da kansa, dole sai an ci. Furotin ɗin ruwan cuku yana da duka taran nan a wadace, yana narkewa da sauri, kuma yana da yawan ɗaya daga cikinsu mai suna lusin, wajen kashi 10 cikin 100. Lusin shi ne kamar mai kunna injin ginin tsoka bayan an ci abinci, kuma giram 2 zuwa 3 ne ake bukata a zama ɗaya. Ludayi cikakke yana ba da wannan. Ƙwai huɗu ma suna kai ka bakin wannan adadin, haka nama mai girman tafin hannu.

Amma ba kowane gari da aka kira furotin ne na madara ba. Akwai na waken suya, wanda yake da kyau ƙwarai kuma ya fi araha. Akwai na fis (koren wake) da shinkafa da ake haɗawa domin ɗaya ya cike giɓin ɗaya. Akwai kolajin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba ko kifi. Shi ba cikakke ba ne, domin akwai guda ɗaya daga cikin taran nan da ba ya cikinsa, don haka bai dace da mai neman tsoka ba. Sai kuma wanda ya fi damuna, garin ƙara ƙiba, mai rubutun "mass gainer".

Wannan na ƙarshen, robarsa ko jakarsa ita ce ta fi girma a kanta, da hoton ƙaton mutum a jiki, da lamba babba kamar giram 50 na furotin. Abin da mai saye ba ya karantawa shi ne, giram 50 ɗin yana cikin awo ɗaya ne da ya haura giram 300 na gari, mai kalori sama da 1,200. Mafi yawan garin wani sitaci ne da aka farfasa, maltodestirin, wanda ke shiga jini da sauri kamar sukari. Ka raba 50 da 330, za ka samu kashi 15 cikin 100. Wato in an ɗebo maka giram 30 daga irin wannan jakar, furotin ɗin da ka samu bai kai giram 5 ba. Bai kai ƙwai ɗaya ba. Kuma saboda kilonsa ya fi araha nesa ba kusa ba, mai shagon da ke lissafin riba yana da dalilin zaɓensa, wani ma da zuciya ɗaya, don bai san bambancin ba.

Na taɓa tsayawa a wani shago a Barnawa da wata 'yar ƙanwata, na ga an rubuta a allo cewa ana ƙara furotin. Na ce wa yaron shagon, don Allah ɗana nuna mini robar. Ya ɗauko wani bokitin roba fari mai murfi, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. Ya ce Oga ne ke juyowa daga babbar jaka a gida. Cokalin da ke ciki kuwa cokalin cin abinci ne na ƙarfe. Yaron bai yi mini ƙarya ba, iyakar saninsa ke nan. Amma garin nan ba shi da nauyi, cokalin cin abinci shafaffe ba ya wuce giram 6 zuwa 8. Ko da garin na gaskiya ne, furotin giram 5 ko 6 ake zuba wa mutane, kuma ba mai iya cewa na gaskiyan ne. Wannan cinikin biri a sama ne. Na fita daga shagon raina a ɓace, domin na san yawancin masu biyan kuɗin nan samari ne irinka, ɗalibai da masu koyon sana'a, da suke matse aljihu don su gyara jikinsu.

Saboda haka gobe in ka je, ka nemi ganin robar ta asali, cikin ladabi. Ka juya bayanta, ka nemi lamba biyu: nauyin awo ɗaya da giram, da furotin ɗin da ke cikin awon. Ka raba na biyu da na farko. In ya kai kashi 70 zuwa sama, gari ne mai kyau. In ya tsaya a 50, an cika shi da wani abu. In ya faɗo 15 ko 20, garin ƙiba ne. Sannan ka duba jerin kayan haɗi, domin ƙa'ida ita ce a fara da wanda ya fi yawa. In maltodestirin ko sukari ne a farko, ka san abin da kake sha. Ka duba ranar lalacewa, ka duba lambar NAFDAC, ka kuma dubi ludayin: na kamfanin ne, kuma cika shi ake yi ko rabi?

Ko rubutun bayan robar ma yana da iyaka. Hanyar da aka saba auna furotin a ɗakin gwaji ba ta ƙirga furotin ɗin kansa. Naitirojin take aunawa, sai a ninka da 6.25, ko 6.38 in kayan madara ne. Duk wanda ya zuba wani abu mai arha mai naitirojin, lambar za ta hau. Wasu kamfanoni sun yi haka da amino asid masu arha irin su gilaisin da taurin, waɗanda ba guba ba ne, amma ba sa gina tsoka yadda cikakken furotin ke yi. In ka gan su a jerin kayan haɗin garin da ya kira kansa tsantsa, ka yi shakka. Mafi munin wannan dabara ya faru a ƙasar Sin a 2008, lokacin da aka zuba melamin, sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi, a madarar jarirai don ta ci gwajin furotin. Yara kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya, akasari ta ƙoda, 6 suka rasu. Ba ina ce maka abin da ke kofinka ke nan ba. Ina nuna maka ne cewa farin gari a bokiti mara suna ba abin da za a amince wa ba ne don kawai an kira shi furotin.

Mutane da yawa suna ɗauka in kaya ya fito daga Amurka to an gwada shi. A ƙarƙashin dokarsu ta 1994, hukumar abinci da magunguna ta can ba ta tantance irin waɗannan kayan ƙari kafin su shiga kasuwa. Kamfani ne ke da alhakin kayansa, hukuma kuma sai matsala ta fito take bi. Gwaje-gwajen da ƙungiyoyin kare masu saye suka yi a can sun sha samun dalma da wasu ƙarafa masu guba a wasu garurrukan, kuma na tsirrai sun fi na madara yawan wannan, domin shuka tana zuƙo su daga ƙasa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko da yake adadin da ake magana a nan ƙarami ne sosai in an kwatanta, kuma haɗarinsa yana ga mai sha kullum shekara da shekaru. Haka nan wani bincike da Kwamitin Olamfik na Duniya ya ɗauki nauyi a farkon shekarun 2000 ya gwada kayan ƙari 634 daga ƙasashe 13, aka samu kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran homon masu kumbura tsoka da ba a rubuta a jikin robar ba. Shi ya sa manyan 'yan wasa ba sa shan gari sai mai hatimin gwajin wani ɗakin bincike mai zaman kansa. A nan gida, NAFDAC ce ke da hurumin rajistar irin waɗannan kaya, kuma tana da ɗakin gwaji a nan Kaduna. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, kana da wurin kai ƙara.

Akwai kuma batun halacci, wanda na san Hajiya za ta tambaya in ta ji. Cukun Turawa ba da tumfafiya ake tsinka shi ba, da wani sinadari ne da a da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, yanzu kuma akasari daga ƙananan halittu ake samar da shi. Kolajin kuwa yana iya zama na saniya, ko kifi, ko alade. Hatimin halal a jikin roba yana sauƙaƙa wannan, kuma shi ma dalili ne na son ganin robar. Hukuncin kansa na malamai ne.

To mu bar ludayin, mu dubi kofin da yake faɗawa ciki, domin a ganina nan ne babban lissafin yake. Ban ga yadda suke haɗa naka ba, amma ga yadda aka saba. Ayaba guda, kalori kamar 105, sukari giram 14. Dabino ƙanana huɗu, kalori 80, sukari giram 18. Madara kofi ɗaya, kalori 150, sukarinta na asali giram 12, furotin giram 8. Zuma babban cokali ɗaya, kalori 64, sukari giram 17. In an sa tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali ɗaya, ƙara kalori 95 da furotin giram 4. Sai ludayinka, 120. Jimla ta haura kalori 600, sukari kuma ya haura giram 60, wato ƙaramin cokali 15. In madarar gwangwani mai kauri da zaƙi suke sawa, wadda fiye da rabin nauyinta sukari ne, ko askirim, lissafin ya wuce nan sosai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kamar giram 50 ga babban mutum, kuma in an tsaya a 25 ya fi. Sukarin madara da na ayabar da aka ci da baki ba sa cikin wannan ƙidaya. Duk da haka, abin da aka markaɗa aka shanye cikin minti uku ba ya riƙe ciki kamar abin da aka tauna, shi ya sa za ka sha kalori 600 ka isa gida ka ci tuwonka kamar ba ka sha komai ba. A gare ka, matashi siriri mai ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako kuma mai son ƙara jiki, wannan ba laifi ba ne, yana iya ma taimakawa. Amma matan da ke zuwa wurina da niyyar rage ƙiba, suna shan wannan kofin da sunan abincin lafiya saboda an ce akwai furotin, su ne abin ke cuta. Mai ciwon suga kuwa, kofin nan ba nasa ba ne, da ludayi ko ba ludayi.

Nawa ma jikinka yake bukata? Ga babban mutum mai lafiya, adadin da masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar a 2007 shi ne giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Kai mai kilo 68, giram 56 ke nan. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar fiye da haka, tsakanin giram 1.2 zuwa 2.0 ga kowane kilo, kuma in aka haɗa binciken da aka yi, ribar tana tsayawa ne a wajen 1.6. Naka ya kama giram 109. Abin da ya haura wannan, jiki ƙona shi yake yi kamar sauran abinci, ya fitar da ragowar ta fitsari.

Bari in ƙiyasta yininka kamar na yawancin samarin Kaduna. Da safe wurin mai shayi: burodi, ƙwai biyu, shayi da madara, furotin kamar giram 24. Da rana shinkafa da wake da yankan nama biyu, kamar 30. Da dare tuwon masara da miyar kuka mai daddawa da ɗan kifi, kamar 18. Ka haura 70 ba tare da ka yi wani shiri ba, wato ka riga ka wuce bukatar wanda ba ya motsa jiki. Giɓin da ke tsakaninka da 109 bai kai giram 40 ba. Ludayi na gaskiya zai cike fiye da rabinsa. Amma dubi abin da ke bakin titinku.

Awara ita ce ta farko da nake ambata wa kowa. Busasshen waken suya yana da furotin kamar giram 36 a cikin 100, kuma cikakke ne, yana da duka taran nan. Jiharmu tana noma shi, matan unguwa suna soya awara kowace yamma daga Tudun Wada har Rigasa. Awara mai tauri giram 100 tana ba da giram 12 zuwa 17. Abin lura kawai shi ne man suya, musamman wanda aka yi ta maimaitawa. Nono ko kindirmo kofi ɗaya, giram 8 ko 9, in ba a tsinka shi da ruwa ba. Gyaɗa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, cikin tafin hannu guda yana ba da giram 7. Ƙuli-ƙuli ya fi ta, tunda an matse man; ka dai nemi na gyaɗa mai kyau, domin gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta. Dafaffen wake giram 8 a cikin 100, dafaffen jan nama kamar 26, ƙirjin kaza kamar 31. Kilishi da busasshen kifi da fara sun fi haka tunda an kore ruwansu, sai dai a kula da gishiri.

Kuma girkinmu ya riga ya warware wata matsala tun kafin a san sunanta. Hatsi yana da ƙarancin wani amino asid mai suna laisin (daban yake da lusin), wake kuma yana da shi a wadace. Wake yana da ƙarancin wani amino asid ɗin da hatsi ke da shi. Shinkafa da wake, ƙosai da koko, alala da kunu, fura da nono, kowanne ɗaya yana cike wa ɗaya. Garin kunun da ake koya wa iyaye mata a asibiti, awo 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya a niƙa, wannan hikimar ce aka bi. Zogale kuwa, ina son sa ƙwarai saboda sinadaran jini da na ido, amma ƙaramin cokali ɗaya na garinsa bai kai ya ba ka furotin giram ɗaya ba, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin maganin tsoka.

Ka ɗauki naira 1,500 ɗin nan, ka raba da kuɗin ƙwai ɗaya a unguwarku yau, ka ninka da 6. Ka yi haka da awara. Ni duk lokacin da na yi wannan lissafin da samari, abincin gida ke cin riba. Ban da haka ƙwai yana zuwa da bitamin A da B12, wake yana zuwa da sinadarin ƙarfe na jini da harzar da ke gyara hanji, nono yana zuwa da sinadarin ƙashi. Garin kuwa furotin ne da ɗan sinadarin ƙashi da kayan ƙamshi da zaƙi, iyakarsa ke nan.

Ba ka ce yana damun cikinka ba, amma da yawa suna kuka da kumburi da ƙugi da gudawa bayan sun sha. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma, in sun girma, hanjinsu yana rage narkar da sukarin madara. Fulani sun fi sauranmu jurewa, saboda gadon kiwo. Nono ba ya damun mutane sosai domin tsamin ya cinye wani kaso na sukarin. In hakan na faruwa da kai, madarar kofin ce ta fi garin yawan sukarin nan, sai a musanya ta da kindirmo mara sukari ko madarar waken suya. Wanda kuma jikinsa ke yin borin madara ko gyaɗa ko waken suya, da ƙaiƙayi da kumburin leɓe, ya nisanci bilendar shago gaba ɗaya, domin ɗauraye ta kawai ake yi tsakanin kofi da kofi. Ka kuma lura da ƙanƙarar da ake sawa da ruwan da aka yi ta da shi, da garin da aka bari a buɗe da damina har ya dunƙule.

Yanzu maganar Hajiya. Ƙoda ce ke tace ragowar furotin daga jini, don haka ƙarin furotin ƙarin aiki ne gare ta. Ga mai lafiyayyar ƙoda, binciken da aka yi bai nuna cewa adadin da muke magana a kai yana lalata ta ba. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta fara rauni, labarin daban ne, har likita kan rage masa zuwa giram 0.6 ko 0.8 ga kowane kilo. Matsalar ita ce ciwon ƙoda ba ya sallama, yana iya cin rabin aikinta mutum bai ji komai ba, kuma manyan masu jawo shi su ne hawan jini da ciwon suga, waɗanda suka cika gidajenmu. Don haka ka faranta mata rai ta hanyar da za ta amfane ka: ka je asibiti, Barau Dikko ko wanda ya fi kusa da kai, a auna jininka, a gwada fitsari, a yi gwajin jinin ƙoda. Ka faɗa wa likita kana ɗaga ƙarfe da abin da kake sha, domin yawan tsoka da wani garin da 'yan jim ke sha mai suna kiriyatin suna iya ɗaga lambar gwajin kaɗan ba tare da ciwo ba. In akwai mai ciwon ƙoda a danginku, kada ka jinkirta.

Abin da na fi jin tsoro ga ƙodar samarin jim ma ba garin ba ne. Maganin ciwon jiki ne irin su dikulofenak da ibufurofen da ake haɗiya kullum bayan ɗaga ƙarfe, cikin zafin Maris da Afrilu, ba tare da shan isasshen ruwa ba. Sai allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayarwa a ɓoye, da haɗe-haɗen jiƙo na ƙarin ƙarfi da ba a san abin da ke ciki ba. Waɗannan na ga sun kwantar da yara masu jini a jika. In wani a jim ya ce zai yi maka allurar da za ta fito da ƙirji cikin wata ɗaya, ka bar wurin.

Ban ce garin ba shi da masu shi ba. Tsohon da haƙora suka ƙare kuma cin abinci ya ragu, majinyacin da ya tashi daga tiyata yana rama, ɗan wasan da ke atisaye sau biyu a rana kuma cikinsa ba ya ɗaukar abinci mai yawa, waɗannan ni da kaina nakan rubuta musu, da awo, bayan an duba ƙoda. Yaro mai tamowa kuwa ba a ba shi wannan ko kaɗan. Yana da abincinsa na musamman da ake bayarwa a cibiyoyin lafiya, kuma furotin mai yawa a lokaci ɗaya yana iya cutar da shi.

Kai kuma, ga abin da zan so ka yi. Kada ka damu da maganar cewa dole ka sha cikin minti 30 bayan atisaye. Abin da ka ci a yini gaba ɗaya shi ne ke aiki, kuma ya fi kyau ka raba shi gida uku ko huɗu, giram 25 zuwa 30 a kowane zama. Ka ƙara ƙwai ɗaya da safe, awara ko kofin nono da la'asar, gyaɗa a aljihu, ka kuma samu barcin awa bakwai zuwa takwas, ka riƙa ƙara nauyin ƙarfen sannu a hankali. In kana son simutinka, ka sha, ka ce a cire zuma tunda akwai dabino. In robar ta ci jarrabawar da na faɗa maka kuma aljihunka ya ɗauka, ludayin ba zai cuce ka ba. In ma kullum za ka sha, sayen robarka mai rajista ka auna da kanka a gida ya fi arha. In kuma bokiti mara suna aka nuna maka, ka karɓi kofinka ba ƙari.

Ka rubuta duk abin da ka ci na kwana uku, har da ranar da ba ka je jim ba, ka ɗauki hoton bayan robar, ka turo mini tare da sakamakon gwajin, sai mu yi lissafin da lambobinka na gaskiya. Ka gaida Hajiya da kyau.